Babi na Huɗu: Tushen Kyawun Hali, Daga Allah Ne ko Daga Jama'a?

Akwai wata tambaya wadda kusan duk wanda ya taɓa ba da bashi, ko ya ajiye amana a hannun wani, ya taɓa yi wa kansa ko da bai furta ta a bainar jama'a ba, ita ce: me ya sa za ka iske mutumin da bai taɓa fuskantar alƙibla ba, bai san Fatiha ba balle abin da ke sama da ita, amma in ya ce maka zai kawo kuɗinka ranar kasuwa, to ko ana ruwa ana iska sai ya kawo, alhali kuwa ga wani wanda ba ya rasa sahun farko a masallaci, amma sai ka kai shi gaban alƙali kafin ka ga ƙwandalarka? Fataken hatsi na ƙasar Kano da Katsina sun daɗe suna shaidar Maguzawa da cika alkawari, kuma na ji wannan shaida daga bakin dattawa waɗanda ba a tuhumarsu da sakaci cikin addini. Daga nan ne tambayar takan haifi wata wadda ta fi ta nauyi: shin sanin cewa gaskiya kyakkyawa ce, cin amana kuma mummuna ne, daga Allah ya sauko ta hanyar manzanni, ko kuwa abu ne wanda 'yan Adam suka ƙulla a tsakaninsu domin zama ya yiwu, suka koya wa 'ya'yansu da jikokinsu, har aka manta cewa su ne suka ƙulla shi?

Kada mai karatu ya ɗauka wannan tambayar masu raunin imani ce, domin manyan malaman Musulunci sun yi fiye da shekara dubu suna kai da komo a kanta, suna kiranta mas'alar tahsini da taƙbihi, watau batun wane ne yake hukunta cewa abu kaza kyakkyawa ne, abu kaza mummuna ne, kuma hukama'un Yunan sun riga su taɓa ta. Mu bi hujjojin sannu a hankali, mu ba kowane ɓangare haƙƙinsa, sa'an nan in faɗi inda raina ya natsu.

Abin da matafiya suka gani

Mafi ƙarfin hujjar masu cewa kyawun hali gādon jama'a ne ita ce abin da kowane matafiyi yake gani da idonsa in ya bar garinsu. Wani marubucin tarihi Bayunane mai suna Hirodotus, wanda ya rayu wajen shekara 450 kafin haihuwar Annabi Isa, amincin Allah ya tabbata a gare shi, ya ba da labarin Dariyus Sarkin Farisa, cewa wata rana ya kira Yunanawan da ke fadarsa, waɗanda al'adarsu ita ce ƙone gawar mamatansu, ya tambaye su nawa zai biya su su ci gawar iyayensu, suka ce babu dukiyar da za ta sa su aikata haka. Sa'an nan ya kira wasu mutanen Indiya waɗanda aka ce al'adarsu ce cin gawar iyaye, ya tambaye su, Yunanawa suna saurare ta bakin tafinta, nawa zai biya su su ƙone gawar iyayensu, sai suka yi kururuwa suna roƙonsa kada ya ƙara furta irin wannan mugun zance. Abin da Hirodotus ya ciro daga labarin shi ne kowace al'umma tata al'adar take gani daidai.

Ba ma sai mun je Farisa ba. A ƙasar Hausa in mace ta haifi tagwaye murna ake yi, a raɗa musu Hassan da Husaini, wanda ya biyo bayansu a kira shi Gambo. Amma a Kalaba da kewayenta, har cikin ƙarni na 19, haihuwar tagwaye bala'i ake ɗaukarta, a jefar da jariran a daji, a ware uwar, kuma masu yin haka ba su ɗauki kansu azzalumai ba, gani suke suna kare gari daga annoba. Yaƙi da wannan al'ada yana cikin abin da ya sa ake tunawa da Meri Silesa, 'yar mishan daga Sikotilan, wadda ta sauka Kalaba a 1876, ta zauna a wannan yanki har ta rasu a 1915. Ko a cikin ladabin yau da kullum ma haka abin yake: yaron Bahaushe in babba yana yi masa magana sai ya sunkuyar da kai, in ya zuba masa ido a ce ba shi da kunya, yaron Bature kuwa in ya ƙi haɗa ido da babba sai a zarge shi da ɓoye wani abu.

Masana sun ɗauki wannan suka gina bayani a kansa. Ibn Khaldun, a cikin Muƙaddima wadda ya rubuta a 1377, ya nuna cewa abin da mutum ya saba da shi yakan zame masa kamar ɗabi'ar da aka halicce shi da ita, ya kuma lura cewa al'ummu masu yawa waɗanda ba su da littafi, irin su Majusawa, sun kafa dauloli, sun tsare doka, sun zauna da juna. Darwin, Ba'ingile, a littafinsa na 1871 kan asalin ɗan Adam, ya yi da'awar cewa lamiri ya tsiro ne daga ɗabi'ar zama cikin garke, har ya buga misali da ƙudan zuma, cewa da a ce mutane sun tashi da irin rayuwar amya, da abin da muke kira kisan 'yan'uwa ya zama wajibi a wurinsu. Durkaim, Bafaranshe, wanda ya rasu a 1917, ya wuce nan, ya ce nauyin da mutum yake ji a zuciyarsa in ya zo aikata laifi nauyin jama'arsa ne da ya shige cikinsa tun yana ƙarami.

Mudu da tauye mudu

Wannan hujja tana da gaskiya a cikinta, kuma wanda ya musanta ta baki ɗaya bai yi wa kansa adalci ba. Amma mu sake duban labarin Dariyus da kyau. Me ya sa Yunanawa suka ƙi cin gawar? Domin girmama uba. Me ya sa mutanen Indiya suka ƙi ƙone ta? Domin girmama uba. Da Sarki ya tambaye su duka biyu ko ya halatta ɗa ya wulaƙanta mahaifinsa, da murya ɗaya za su amsa masa. Haka yaron da ya sunkuyar da kai da wanda ya haɗa ido, kowannensu ƙoƙari yake ya nuna wa babba cewa bai raina shi ba, ba ya kuma yaudararsa.

Duk wanda ya yi fataucin hatsi ya san mudun wannan kasuwa ba lalle ya yi daidai da na waccan ba, wani wuri da tiya ake awo, wani wuri da ƙwarya, wani wuri kuma sai da sikeli. Wannan kam mutanen kasuwa ne suka tsara, kuma suna iya sākewa gobe in sun so. Amma ban taɓa jin kasuwar da ake yaba wa ma'auni don ya bubbuge gindin mudunsa ya rage masa ciki ba, kuma shi kansa mai tauye mudun a ɓoye yake yi, in kuma shi aka tauye wa sai ya ɗaga murya ya tara jama'a. Girman mudu na jama'a ne. Munin tauye shi kuwa ba a san ranar da wata jama'a ta zauna ta yanke shi ba, ba a kuma san wadda ta taɓa soke shi ba.

Mutumin da ya saɓa wa garinsu

Akwai kuma wata matsala wadda ta fi wannan girma ga masu cewa jama'a ce tushe, ita ce in har abin da jama'a ta yarda da shi shi ne daidai, to ba zai taɓa yiwuwa jama'a ta yi kuskure ba, kuma duk wanda ya tashi ya ce da mutanensa sun ɓata, shi ne ɓatacce. Tarihi kuwa bai yarda da haka ba. A zamanin Jahiliyya wasu ƙabilun Larabawa suna binne 'ya'yansu mata da rai, don tsoron talauci ko tsoron abin kunya, kuma babu alƙalin da zai tuhume su. Sai ga Zaidu bin Amru bin Nufail a Makka, wanda ya rasu kafin a aiko Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, in ya ji mutum zai binne 'yarsa sai ya je ya karɓe ta ya ɗauki nauyin ciyar da ita, in ta girma ya ba uban zaɓi, ko ya karɓi abarsa ko ya bar masa ita. Haka Sa'asa'a bin Najiya na ƙabilar Tamim, kakan mawaƙin nan Farazdaƙ, ya riƙa fansar irin waɗannan jarirai da raƙumansa. Waɗannan mutane biyu cikin al'adar suka tashi, nonon da masu binnewar suka sha shi suka sha, ba su da littafi a hannunsu, amma duk da haka wani abu a cikin ƙirjinsu ya tsaya ya ce da gari guda bai yi daidai ba. In jama'a ce ta zuba musu wannan sani, daga wace jama'a ya fito?

Turawa ma sun ci karo da wannan tambaya bayan Yaƙin Duniya na Biyu, sa'ad da aka gurfanar da manyan gwamnatin Hitila a Nuremba a 1945 da 1946, waɗansunsu suka kāre kansu da cewa umurni suka bi, dokar ƙasarsu ce kuma ta ba su. Kotu ta ƙi karɓar wannan uzuri, kuma ƙin karɓarsa ikirari ne cewa akwai ma'aunin da ake auna dokar ƙasa da shi, wanda ba ƙasar ce ta ƙera shi ba.

Tambayar Sukurat

To in ba daga jama'a ba ne, sai mu ce daga Allah ne mu huta? Haka ne, amma a nan ma akwai ƙulli, kuma wanda ya fara nuna shi a rubuce shi ne Aflatun, cikin wata muhawara da ya tsara tsakanin malaminsa Sukurat da wani mutum mai suna Yutifiro. Sun haɗu a ƙofar kotu a birnin Atina, a shekara ta 399 kafin Miladiyya, Sukurat ya zo amsa tuhumar da aka kashe shi a kanta, shi kuwa Yutifiro ya zo ƙarar mahaifinsa, wanda ya ɗaure wani ɗan ƙodago ya jefa shi rami ya bar shi har ya mutu. Da Yutifiro ya ce aikin kirki shi ne abin da alloli suke so, sai Sukurat ya tambaye shi: don aikin kirki ne suke son sa, ko kuwa son da suke yi masa ne ya mai da shi kirki? Su masu shirka ne, amma tambayar ba ta bar masu tauhidi ba. In muka ce umurni ne kaɗai yake mai da abu kyakkyawa, sai a ce mana da an umurci mutane da zalunci da ya zama kyakkyawa ke nan. In kuma muka ce abin kyakkyawa ne tun kafin umurni, sai a ce mana ashe akwai wata doka da take gaba da umurnin.

Muhawarar malaman Basra

A cikin Musulunci wannan ƙulli ya bayyana ne a Basra. Mu'utazilawa, mabiya Wasil bin Aɗa'u, wanda ya janye daga majalisin Hasanul Basri, ya kuma rasu a shekara ta 131 bayan Hijira, sun tafi a kan cewa kyau da muni siffofi ne na ayyuka su kansu, hankali yana riskarsu ko da wahayi bai sauka ba: gode wa wanda ya yi maka alheri, mayar da amana, ceton wanda ruwa zai ci, duk mai hankali ya san kyawunsu, kuma dalilinsu shi ne har masu musun annabci sun yarda da su. Suka ƙara da cewa in ba a san munin ƙarya ba sai ta bakin annabi, to da me za mu san cewa annabin ba ƙarya yake yi ba? Wannan hujja ce mai kaifi, Alƙali Abdul Jabbar, wanda ya rasu a 415, ya cika mujalladai da ita. Sai dai sun zarce, har suka ce wajibi ne a kan Allah ya yi wa kowane bawa abin da ya fi zama maslaha gare shi.

A nan ne Abul Hasan al-Ash'ari, wanda ya tashi a hannunsu har ya kai shekara arba'in, ya rabu da su. Ana ba da labari cewa ya tambayi malaminsa Abu Aliyu al-Jubba'i game da 'yan'uwa uku, ɗaya ya rayu mai ɗa'a, ɗaya ya rayu fajiri, ɗaya ya mutu yana yaro. Malam ya ce na farko yana cikin darajoji, na biyu yana cikin azaba, na uku ya tsira amma ba shi da darajar na farko. Ash'ari ya ce, in yaron ya ce ya Ubangiji, me ya sa ba ka raya ni na yi ɗa'a kamar ɗan'uwana ba? Malam ya ce sai a ce masa an san in ya girma zai saɓa, saboda haka mutuwarsa ita ce maslaharsa. Ash'ari ya ce, to in fajirin ya ɗaga murya ya ce ya Ubangiji, ni ma ka san zan saɓa, me ya sa ba ka kashe ni ina yaro ba? Aka ce Malam ya rasa amsa. Abin da Ash'ari yake son nunawa shi ne hankalin bawa bai isa ya shimfiɗa wa Mahaliccinsa doka ba. Daga nan mazhabarsa ta tafi a kan cewa babu wajibi, babu haram, babu lada, babu uƙuba, sai da shari'a, suna kafa hujja da ayar Suratul Isra'i wadda ta kore azaba kafin aiko manzo. Ash'ari ya rasu a Bagadaza a 324, kuma aƙidarsa ce aka daɗe ana karantarwa a zaurukanmu ta hanyar littafin Ummul Barahin na Shaihu Sanusi na Tilimsan.

Imamu Gazali, wanda ya rasu a 505, ya ƙarfafa wannan ɓangare da wata lura wadda, abin mamaki, ta yi kusa da maganar masu cewa daga jama'a ne. Ya ce yawancin abin da mutum yake zato hukuncin hankali ne, a haƙiƙa sabo ne da abin da aka cusa masa tun yana yaro. An yi ta maimaita masa munin ƙarya har ya ɗauka kowace ƙarya mummuna ce, alhali in azzalumi ya biyo bayin Allah da takobi ya tambaye ka inda suka ɓuya, ƙaryar ce ta zama wajibi. Ya buga misali da wanda maciji ya sara, in ya ga igiya mai dabbare-dabbare sai ya razana, kuma Bahaushe yana da irin wannan karin magana game da baƙin tsumma.

Amma ya kamata a fahimci iyakar saɓanin, domin da yawa suna faɗaɗa shi fiye da yadda yake. Malaman Ash'ariyya na baya sun bayyana cewa ba su musanta hankali yana gane ilmi kamala ne, jahilci tawaya ne, ko yana gane abin da ya dace da ɗabi'ar mutum da wanda ya saɓa mata. Abin da suka ƙi shi ne a ce hankali shi kaɗai yana tabbatar da lada da azaba a Lahira. Abu Mansur al-Maturidi na Samarƙandu, wanda ya rasu a 333, ya bi hanyar tsakiya, cewa hankali yana riskar kyau da muni cikin abubuwa masu yawa, amma mai hukunci Allah ne. Ibn Taimiyya, wanda ya rasu a 728, da almajirinsa Ibnul Ƙayyim, sun ce zalunci mummuna ne tun kafin a hana shi, fiɗira, watau ɗabi'ar da aka halicci mutum a kanta, ta san haka, amma ba a azabtar da kowa a kansa sai bayan saƙo ya iso masa. Ƙullin Sukurat kuwa yana warwarewa in aka tuna cewa Allah Mai adalci ne, Mai hikima ne, tun azal, har ya zo cikin hadisi ƙudusi cewa ya haramta wa kansa zalunci. Saboda haka umurninsa daga siffofinsa yake fitowa, babu wata doka a bayansu da yake bi, babu kuma ranar da zai umurci kishiyarsu. Malamin Kirista Toma Akwinas, wanda ya rasu a 1274 Miladiyya, ya isa kusa da nan ta tasa hanyar.

Alkawarin gidan Ibn Jud'an

Ni dai abin da ya fi gamsar da ni ba a cikin littattafan malaman aƙida na same shi ba, a cikin Sira na same shi. Wajen shekara ashirin kafin annabci wani ɗan kasuwa daga Zubaid ta ƙasar Yaman ya kawo haja Makka, As bin Wa'il ya saya ya hana shi kuɗinsa, ga shi baƙo ba shi da dangi a gari. Sai ya hau dutsen Abu Ƙubais ya yi shelar zaluncin da aka yi masa. Banu Hashim da Banu Muɗɗalib da Banu Asad da Banu Zuhra da Banu Taim suka taru a gidan Abdullahi bin Jud'an, suka yi rantsuwa cewa za su tsaya tare da duk wanda aka zalunta a Makka, ɗan gari ne ko baƙo, har a mayar masa da haƙƙinsa, suka kuwa je suka karɓo wa mutumin kayansa. Wannan shi ne Hilful Fudul. Masu bautar gumaka ne suka ƙulla shi, Manzon Allah ya halarce shi yana saurayi, kuma bayan annabci ya yabe shi, ya nuna cewa da za a kira shi zuwa ga irinsa a cikin Musulunci da ya amsa.

Haka kuma sa'ad da Ja'afar bin Abi Ɗalib ya tsaya gaban Najjashi a Habasha yana bayyana abin da sabon addinin yake kira zuwa gare shi, ya ambaci gaskiyar zance, da riƙon amana, da sada zumunci, da kyautata maƙwabtaka, da barin cin dukiyar maraya. Bai tsaya yana kafa wa Sarki hujja cewa waɗannan abubuwa masu kyau ne ba, domin ya san Sarki ya riga ya sani, hasali ma da su yake so Sarki ya gane gaskiyar wanda ya zo da su. Ko kalmomin da Alƙur'ani yake yawan amfani da su sun isa ishara: aikin kirki ma'arufi ne, watau sananne, mugun aiki munkari ne, watau abin da zukata suka ƙi amincewa da shi. Ba a kiran abu sananne sai in akwai wanda ya riga ya san shi.

Yaro da akuya

Misalin da nake kwatanta al'amarin da shi shi ne harshe. Yaron da aka haifa a Kano Hausa zai yi, wanda aka haifa a Ibadan Yarbanci zai yi, kuma in aka musanya su ranar suna kowanne zai tashi da harshen gidan da ya goya shi. Wanda ya ga haka ya ce magana daga jama'a take, ya faɗi gaskiya. Amma ga akuya nan ɗaure a tsakar gida ɗaya da yaron, tana jin Hausar da yake ji safe da yamma shekara da shekaru, ba ta taɓa haɗa kalma biyu ba. Uwa ta koya wa ɗanta Hausa, amma ba ita ta sanya masa abin da yake karɓar Hausar da shi ba. Wannan abin da aka sanya, a fagen hali, shi ne malamai suke kira fiɗira, kuma hadisin da ya ambace ta ya haɗa ɓangarorin biyu wuri guda, domin ya tabbatar da cewa a kanta ake haihuwar kowane jariri, ya kuma tabbatar da cewa iyaye suna karkatar da ita.

To in fiɗira ta isa ta gane munin zalunci, mene ne amfanin wahayi? Amfaninsa babba ne ƙwarai. Fiɗira tana dusashewa ƙarƙashin al'ada har uba ya haƙa wa 'yarsa rami yana ganin mutunci yake karewa, kuma a gari guda mutum ɗaya ko biyu ne suke farkawa. Wahayi ne ya zo ya mai da abin da Zaidu da Sa'asa'a suka ji a ƙirjinsu doka a kan kowa, ya kuma ba da labari cewa ita yarinyar za a saurari ƙararta ranar hisabi. Hankali ya san dukiyar mamaci haƙƙin iyalinsa ce, amma bai san rabon kowa ba. Ya san Mai ni'ima ya cancanci godiya, amma bai san raka'a nawa ce Magariba ba. Sa'an nan jama'a ba ta hukunta sai abin da ta gani, wahayi kuwa yana bin mutum har cikin ɗakin da ya kulle.

Ita ma jama'a shari'a ba ta kore ta ba. Malikawa musamman sun ba urfu, watau al'adar mutane, matsayi babba, har Imamu Ƙarafi, wanda ya rasu a 684, ya yi gargaɗi cewa hukuncin da aka gina a kan al'ada yana sākewa in al'adar ta sāke; gwargwadon ciyar da iyali, da abin da ake ƙirgawa aibi a cikin haja, da lafazin da ake ƙulla ciniki da shi, duk an bar wa mutanen wuri. Haɗarin da ke nan shi ne al'ada takan saci rigar addini ta sa, har mutane su riƙa kāre gādon kakanninsu suna zaton Allah suke kārewa. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya yi fama da wannan a ƙasarmu: a cikin Nurul Albab ya zargi malaman da suke barin matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci suna karantar da almajirai a waje, a cikin Kitabul Farƙ kuma ya lissafa zaluncin sarakuna da karɓar dukiyar talakawa da sunan al'ada, mutanen da yake magana a kansu suna salla, kuma jama'arsu ba ta ga laifinsu ba.

Komawa ga mai bashi

Da wannan muke iya fahimtar Bamagujen da ya kawo kuɗi ranar kasuwa. Wanda ya halicce shi ya sanya masa abin da yake gane nauyin alkawari da shi, gidansu kuma ya raini wannan abu, ya koya masa cewa mutumin da aka daina yarda da maganarsa ya mutu ko da yana tafiya. Cikar alkawarinsa ba ta rushe komai daga addini ba, shaida ce ga fiɗirar da addini ya ba da labarinta. Hukuncinsa a Lahira wata mas'ala ce dabam wadda ba ta wannan babi ba.

Wanda ya rage mana shi ne ɗaya mutumin, na sahun farko, kuma al'amarinsa ya fi wuyar warwarewa, domin shi an tara masa duka ukun: fiɗirarsa ta gaya masa, iyayensa sun gaya masa, ya kuma ji ayar bashi, wadda ita ce mafi tsawo a cikin Alƙur'ani, ana karanta ta a bayan liman kowane Ramadan, amma duk da haka in ya hango mai binsa sai ya sāke hanya. Sani bai yi masa ƙaranci ba. Me ke shiga tsakanin abin da mutum ya sani da abin da hannunsa yake aikatawa? Malamai sun amsa da bayani a kan nafsu da hawa da gafala, likitocin ƙwaƙwalwa na zamani kuma suna da nasu bayanin, kuma a kan wannan ne babi na biyar zai tsaya.